Norfolk, Otal ɗin da Ya Girmi Kenya

Adireshin otal ɗin Norfolk a birnin Nairobi gajere ne: Titin Harry Thuku. Baƙon da ya sauka a nan daga Landan ko Dubai zai iya kwana uku bai tambayi ko wane ne mai sunan ba, in ma ya tambayi kansa zai yi zaton wani tsohon minista ne. Thuku bai taɓa riƙe minista ba. Matashi ne ɗan ƙabilar Kikuyu da ya yi aikin haɗa wayar tarho a Baitulmalin gwamnatin mulkin mallaka, aka kama shi a watan Maris na 1922, aka kulle shi a caji ofis ɗin da ke maƙwabtaka da otal ɗin. Da jama'a suka taru suna neman a sake shi, 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Mutanen da suka tsira sun ce har da Turawan da ke zaune a barandar Norfolk a cikin masu harbin.

Otal ɗin yana nan har gobe, da jan rufinsa na tayil da bangonsa mai ratsin katako irin na ƙauyukan Ingila, yana cikin masaukai mafi tsada a birnin. Abin da ya fi sayarwa kuma ba gado da abinci ba ne, tarihi ne. Sai dai tarihin nan fuska biyu gare shi. Akwai wanda aka gani daga kan kujerar baranda, akwai wanda aka gani daga tsakiyar titi, kuma na farkon ne kawai ake sa wa farashi.

Garin da jirgin ƙasa ya haifa

An buɗe Norfolk ranar Kirsimeti ta 1904. A lokacin babu ƙasa mai suna Kenya, domin sai a 1920 Ingila ta laƙaba wa yankin wannan suna. Nairobi kanta shekararta biyar kacal. A 1896 Ingilishi suka fara shimfiɗa layin dogo daga Mombasa a bakin teku zuwa Tafkin Victoria, don su riƙe Uganda da mafarin Kogin Nilu kafin Jamus ko Faransa su riga su. Sun kwaso leburori wajen 32,000 daga Indiya, kimanin 2,500 daga cikinsu suka mutu a kan aikin, wasu zazzaɓi ya kashe su, wasu haɗari, wasu kuma zakunan nan biyu na Tsavo suka cinye su a 1898. A watan Mayun 1899 layin ya iso wata fadama inda Masai ke shayar da shanunsu, mil 327 daga teku. Injiniyoyi suka ga nan ne fili na ƙarshe mai faɗi da ruwa kafin a fara hawan tsaunuka, suka kafa sansani da wurin gyaran injuna. Ba wanda ya zaɓi wurin don ya dace da gari. Damina taɓo, rani ƙura, ga sauro, ga ɓeraye. A 1902 annoba ta ɓarke, hukuma ta sa aka cinna wa kasuwar Indiyawa wuta.

Layin ya kai tafkin a Disambar 1901, ya lashe sama da fam miliyan biyar, kuma babu kayan da zai ɗauko ya mai da kuɗin. Dabarar da Kwamishina Sir Charles Eliot ya ɓullo da ita ita ce a gayyato Turawa su zauna a tsaunuka masu sanyi, su yi noma, jirgi ya sami abin dako. Dokar filaye ta 1902 ta ba su haya ta shekara 99, ta 1915 ta mai da ita shekara 999. Ƙasar kuwa ta Kikuyu ce da Masai da Nandi da Kamba. Mutum ɗaya, Lord Delamere, ya karɓi eka 100,000 a Njoro a 1903.

Waɗannan 'yan kama-wuri-zauna su ne Norfolk ya zo yi wa hidima. Wani tsohon hafsan soja, Manjo Ringer, shi ya gina shi da abokin kasuwancinsa a can gefen gari, nesa da hayaniyar tasha. Mutum ya sauko daga jirgi da akwatunansa da bindigoginsa, sai a ɗora shi a ƙaramin keken nan mai ƙafa biyu da ɗan Adam ke ja, wani na ja ta gaba wani na turawa ta baya, a ratsa taɓo da shi har ƙofar otal. A nan zai yi wanka da ruwan zafi, ya kwana a gado, kashegari ya tafi ofishin filaye ya nuna wurin da yake so a kan taswira. A barandar nan aka yi cinikin gonaki da shanu, aka ƙulla aure, aka kitsa ƙorafe-ƙorafen da ake aika wa Landan. Yawan masu sarautar gargajiyar Ingila da ke zama a wurin ya sa aka riƙa yi wa otal ɗin laƙabi da sunan majalisar dattawan Ingila, ta masu muƙamin Lord.

Dattakun nasu dai da sauƙi. Labaran da ake bayarwa kan Delamere a Norfolk sun haɗa da harbin kwalabe da fitilun titi in giya ta yi masa karo, da shiga ɗakin cin abinci a kan doki, da kulle manaja a ma'ajiyar nama don ya ce lokacin rufe mashaya ya yi. Wane ne gaskiya wane ne ƙarin gishiri, wannan ya rage ga masu ba da labarin, amma a lura da yadda ake ba da su: da dariya, a matsayin ƙuruciyar manya. Akwai wani labarin na zamanin da ba ƙarin gishiri a cikinsa, domin kotu ta rubuta shi. A watan Maris na 1907 Ewart Grogan, shugaban ƙungiyar 'yan kama-wuri-zauna, ya jawo wasu 'yan Kikuyu uku masu jan keke zuwa gaban kotun Nairobi, bisa zargin sun yi wa matan gidansa rashin kunya, aka zane su da bulala a bainar jama'a, Turawa na kewaye suna kallo, jami'an gwamnati na hana shi yana ƙi. Hukuncin da aka yanke masa ɗaurin wata ɗaya ne da tara. Ya fito ya ci gaba da zama babban mutum a Nairobi har tsufansa.

A shekarar ne Winston Churchill, yana ƙaramin ministan ƙasashen mulkin mallaka, ya ziyarci garin. Bayan shekara biyu babban baƙon da otal ɗin ya fi tinƙaho da shi ya iso. Theodore Roosevelt ya sauka daga shugabancin Amurka a Maris na 1909, kafin ƙarshen Afrilu yana Mombasa da ɗansa Kermit, sun zo farauta da sunan tara wa gidan tarihi na Smithsonian dabbobi. Ayarin ya ɗauki ɗaruruwan 'yan dako, da tan-tan na gishirin jeme fata, har da akwatin littattafan da tsohon shugaban zai riƙa karantawa a daji. Kafin su ƙare tafiyar a Khartoum a Maris na 1910 sun tara dabbobi da tsuntsaye kimanin 11,000, shi da ɗansa kaɗai sun harbe manyan namun daji 512. Jaridun Amurka sun bi tafiyar kamar yaƙi. Daga nan kowane attajiri mai bindiga a Turai da Amurka ya ƙudurta sai ya zo, kuma Norfolk ne wurin da ake haɗuwa da maharbi ɗan jagora, a ɗauki kuku da boyi da masu ɗaukar bindiga, a tashi. Harkar yawon buɗe ido da Kenya ke ci da ita a yau daga nan ta samo tushe.

Mai karatu a Kano ko Zariya na iya tambayar me ya sa garuruwanmu ba su da irin wannan otal, alhali Ingilishi ɗaya ne suka mulke mu. Amsar tana jikin mutum ɗaya. Sir Percy Girouard, injiniyan layin dogo ɗan asalin Kanada, shi ya gaji Lugard a Arewacin Najeriya a 1907, shi ya tsara layin Baro zuwa Kano. A zamaninsa aka kafa kwamitin da ya haifar da dokar filaye ta 1910, wadda ta sa ƙasar Arewa a hannun gwamna a matsayin amanar 'yan ƙasa, ta toshe ƙofar mallakar manyan gonaki ga Turawa. A 1909 aka mai da shi gwamna a Nairobi, sai ga shi yana yin akasin haka. A 1904 an yi wa Masai alkawarin cewa makiyayar Laikipia tasu ce muddin akwai Masai a duniya. A 1911, ƙarƙashin Girouard, aka warware alkawarin, aka kora su kudu da garkunansu, Turawa suka gaje wurin. Rigimar da ta biyo baya ce ta ci kujerarsa a 1912. Bature bai fi tausayinmu ba. Zafin ƙasarmu da sauronta, da tsarin sarauta da haraji da ya tarar a tsaye, su suka sa ya ga mulki ta hannun sarakuna ya fi araha. Saboda haka a nan ya zo da niyyar aiki ya koma gida, ya wadatu da bariki da gidan saukar baƙi na gwamnati. A can ya zo da matarsa da 'ya'yansa da niyyar a binne shi, ya gina abin da zai daɗe.

Ranar 16 ga Maris, 1922

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya abubuwa suka yi wa 'yan ƙasa yawa. An kwashi dubban ɗaruruwansu dako a yaƙin da aka yi da Jamus a Tanganyika, dubbai ba su dawo ba. Ladan da aka ba su shi ne ƙarin filaye ga tsofaffin sojojin Ingila. Gwamna Sir Edward Northey ya aika wa jami'ansa takardu a 1919 cewa su matsa wa mutane su fita aiki a gonakin Turawa, har da mata da yara, abin da dattawanmu da suka ga diban gwamna zuwa haƙar kuza a Jos za su gane ba sai an yi musu bayani ba. Aka ɗaga harajin ɗaki da na kai daga sule 10 zuwa 16. A 1921 masu gonaki suka haɗa baki za su zaftare kashi ɗaya cikin uku na albashin leburori. Sannan ga kipande: ɗan gwangwanin ƙarfe da kowane namiji baligi zai rataya a wuya, a ciki akwai takarda mai ɗauke da sunansa da zanen yatsunsa da sa hannun ubangidansa. In ubangida bai sa hannu cewa ya sallame ka ba, duk inda ka je kai gudajje ne.

Harry Thuku, wanda aka haifa a 1895 ya kuma yi karatu a makarantar mishan, yana cikin 'yan ƙalilan da ke iya karanta takardun gwamnati su fahimci inda aka dosa. A 1921 ya jagoranci kafa ƙungiyar East African Association, wadda ba ta tsaya ga Kikuyu kaɗai ba, ta haɗa ma'aikatan Nairobi na ƙabilu daban-daban, Musulmi da Kirista. Ya riƙa yawo ƙauyuka a mota yana magana kan haraji da kipande da ƙwacen ƙasa, musamman kan 'yan matan da ake tilasta wa tsinkar kofi da aikin hanya, inda masu gadi ke lalata da su. Wannan ya sa mata suka riƙe shi tamkar nasu. Aiki ya kuɓuce masa, sarakunan da gwamnati ta naɗa suka yi ta kai ƙararsa, ranar 14 ga Maris 1922 aka kama shi.

Kashegari ma'aikata suka ƙi fita aiki. Kuku ya bar murhu, mai shara ya ajiye tsintsiya, masinja bai je ofis ba. Jama'a suka doshi caji ofis na Kingsway inda aka kulle Thuku, wasu suka kwana a wurin suna addu'a. Zuwa hantsin ranar 16 taron ya kai mutum dubu bakwai zuwa takwas, 'yan sanda sun jeru da bindigogi masu banati a gaban shingen kwano. An tura wakilai shida su gana da sakataren gwamnati. Suka dawo suka ce an yi alkawarin za a duba maganar, kowa ya koma gida. Maza suka fara juyawa.

A nan ne wata mata mai suna Mary Muthoni Nyanjiru ta kutsa gaba. Ta kama rigarta ta ɗaga sama a gaban mazan, abin da a al'adar Kikuyu ya fi kowane zagi muni, domin la'ana ce uwa ke yi wa wanda ta yanke ƙauna daga gare shi. Ta ce musu su karɓi zanenta su ba ta wandonsu tunda su matsorata ne, shugabansu na ciki suna tsaye. Mata suka rangaɗa guɗa, taron ya dunguma gaba har ƙirjin na farko ya kusa taɓa bakin bindiga. Sai harbi. Nyanjiru na cikin waɗanda suka fara faɗuwa.

Mutane suka watse ta kowace kusurwa, da yawa suka yi ta wajen Norfolk, kuma a nan ne bayanan suka rabu. Rahoton hukuma ya ce mutum 21 suka mutu, huɗu mata, ya kuma wanke 'yan sanda. Waɗanda suka tsira, da Thuku kansa a tarihin rayuwarsa, sun ce Turawan da ke baranda sun harbi masu gudu ta baya. Akwai masu cewa an ƙirga gawa 56 a ɗakin ajiye gawa, wasu sun kai lissafin sama da ɗari. Ba a gurfanar da ko mutum ɗaya daga baranda ba, don haka babu hukuncin kotu da za a nuna. Amma wanda ya karanta abin da Grogan ya yi a gaban kotu da rana tsaka shekara 15 kafin nan ba zai ce abin ya fi ƙarfin halin mutanen ba. Ministan da rahoton ya je teburinsa a Landan kuwa shi ne baƙon nan na 1907, Churchill.

Aka kai Thuku Kismayu ba tare da shari'a ba, daga nan aka yi ta sauya masa wurin tsaro har kusan shekara tara. Jinin bai tafi a banza ɗungum ba: an rage harajin zuwa sule 12, an janye Northey a shekarar, a 1923 kuma Landan ta fitar da takardar da ta ce muradun 'yan Afirka ne kan gaba a Kenya, ko da yake maganar ta fi ƙarfi a takarda. Thuku da ya dawo ya zama wani mutum daban. Ya rungumi noman kofi, ya yi arziki, ya fito fili ya soki 'yan gwagwarmayar Mau Mau, ya rasu a 1970. Shi ya sami titi. Nyanjiru, wadda ta mutu a wurin, sai da marubuta da masana tarihi mata suka yi da gaske kafin sunanta ya dawo bakin jama'a.

Daga hannu zuwa hannu

A 1927 otal ɗin ya koma hannun Abraham Block, Bayahude haifaffen Lithuania da ya iso ta Afirka ta Kudu a 1903. A shekarar da ya iso ne Ingila ta yi wa Yahudawan Turai tayin wani yanki na tsaunukan Kenya su kafa mazauni, Delamere da mutanensa suka tayar da ƙura cewa ba sa son irin waɗannan maƙwabta. Block ya fara da fatauci da kiwo da ƙananan kwangiloli, bayan shekara 24 ya zama mai gidan da suke shan giyarsu. Iyalinsa suka ƙara da New Stanley, babbar kishiyar Norfolk a tsakiyar gari, suka gina kamfanin otal-otal mafi suna a Gabashin Afirka.

Sauyin mai gida bai sauya dokar ƙofa ba. Baƙar fata na shiga Norfolk ne da farin kaya da jar dara, ɗauke da tire. Ba'indiye, ko da ya fi rabin masu zama a barandar kuɗi, ba shi da kujera. A 1940 an kai sojojin Najeriya da na Gold Coast Kenya domin yaƙar Italiya a Somaliya da Habasha, da yawansu 'yan Arewa. Hafsoshinsu Turawa na da damar shiga irin waɗannan wurare, su da za su tari harsashi ba su da ita. Sai a 1946 aka kafa kulob na farko a Nairobi da Bature da Ba'indiye da baƙar fata za su ci abinci a tebur ɗaya, United Kenya Club, manyan otal-otal kuwa ba su sassauta ba sai can ƙarshen shekarun 1950. Kafin nan an sha dokar ta-ɓaci ta Mau Mau daga Oktoban 1952 zuwa farkon 1960. A Afrilun 1954 sojoji suka yi wa Nairobi ƙawanya, suka tace mazaunanta, suka kwashe dubban 'yan Kikuyu zuwa sansanonin tsaro, ciki har da ma'aikatan gidaje da na otal-otal. An rataye mutum sama da dubu ɗaya, har da jagoran Mau Mau Dedan Kimathi a 1957.

Da aka sami 'yanci ranar 12 ga Disamba 1963, aka bi tituna da sababbin alluna. Titin Delamere ya zama na Kenyatta, aka sauke gunkin Delamere daga tsakiyar gari. A cikin Norfolk kuwa mashayar barandar ta ci gaba da amsa sunan Lord Delamere shekara da shekaru, yanzu ministoci da lauyoyi da 'yan jarida baƙar fata ne a kan kujerun. Jomo Kenyatta ya zaɓi a yafe a wuce, don yana son Turawa su bar jarinsu, masu yawon buɗe ido su ci gaba da zuwa. Otal ɗin ya amfana da wannan siyasa fiye da kowa.

Sai daren 31 ga Disamba 1980. Ana tsakiyar liyafar shiga sabuwar shekara bam ya tashi a wani ɗaki da ke saman zauren cin abinci, ya rushe ɓangare guda na ginin, wuta ta kama. Mutum 20 suka mutu a ƙidayar da aka fi ambata, sama da 80 suka ji rauni, 'yan Kenya da baƙi. Hukumomi sun ce wani ɗan Maroko ne mai fasfon Malta ya kama ɗakin, ya ɗana bam ɗin, ya bar ƙasar a jirgi tun kafin ya tashi, suka kuma danganta shi da wata ƙungiyar Falasɗinawa. Dalilin da aka fi yarda da shi ramuwar gayya ce. A Yulin 1976, lokacin da sojojin Isra'ila suka kai samame filin jirgin Entebbe a Uganda ta Idi Amin don ƙwato fasinjojin da aka yi garkuwa da su, a Nairobi jiragensu suka sha mai. Norfolk kuma a lokacin na iyalin Yahudawa ne. Masu ɗaukar tire da masu wanke kwano da abin ya rutsa da su ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Aka sake gina ɓangaren da ya rushe, da kamannin da. Wato wani sashe na tsohon ginin da baƙi ke ɗaukar hoto a yau bai kai shekara hamsin ba.

Tarihi a matsayin haja

Kenya ta haramta farautar namun daji a 1977, kyamara ta maye gurbin bindiga, amma mafarkin da ake sayarwa bai canja ba. Fim ɗin Out of Africa na 1985, wanda aka gina kan littafin Karen Blixen, 'yar Denmark da ta yi noman kofi a gefen Nairobi daga 1914, ya ci kyautar Oscar bakwai ya kuma cika jirage da masu son ganin Afirkar farin kaya da shayin la'asar. Norfolk ya san abin da suka zo nema. A farfajiyarsa ta ciki, tsakanin ciyawa da furanni, an ajiye tsohuwar mota da keken shanu da ɗaya daga cikin kekunan nan da mutum ke ja, an goge shi yana ƙyalli. Baƙo zai tsaya kusa da shi a ɗauke shi hoto, kuma kusan kullum wurin zaman fasinja yake kallo. Sandunan nan biyu na gaba, inda tafin hannun wani ya yi kanta, ba su cika shiga hoton ba.

'Yan Kenya ba su yi shiru kan wannan ba. Tsallaken titin akwai Jami'ar Nairobi da gidan wasan kwaikwayo na ƙasa da aka buɗe a 1952, wanda har bayan 'yanci Turawa ke juya shi suna nuna wasannin Landan. A 1976 marubuta Ngugi wa Thiong'o da Micere Mugo sai da suka yi ja-in-ja kafin a ba su 'yan kwanaki su nuna wasansu kan shari'ar Dedan Kimathi, wanda Kenya ta kai bikin FESTAC a Legas a 1977. Ngugi ya sha nanata abin da ke cikin wannan ɗan fili: otal, caji ofis, jami'a da dandalin wasa suna kallon juna, kowanne da irin labarin da yake so a riƙe.

A ganina masu cewa irin wannan gini abin kunya ne da ya kamata a kawar sun yi kuskure. Otal ɗin Durbar na Kaduna, da aka gina saboda wancan biki na 1977, an rushe shi a farkon 2020, kuma ba abin da rushewar ta koya wa kowa. Muddin barandar Norfolk na tsaye, malami na iya kawo ɗalibansa ya nuna musu da yatsa: nan aka zauna, can aka tsaya, ga tazarar da ke tsakani, ku auna da idonku. Laifin yana ga wanda ke da bakin magana a cikin ginin, da abin da ya zaɓa ya faɗa. Otal ɗin da ya iya riƙe sunan baƙon da ya kwana a 1909 ba zai ce mantuwa ce ta hana shi riƙe na matar da ta mutu a gabansa a 1922 ba. Lissafin kasuwa ne: ana ganin mai biyan ɗaruruwan daloli a dare ba ya son a ɓata masa shayi. Ina shakkar ko lissafin daidai ne, domin a 2013 gwamnatin Ingila da kanta ta amince ta biya fam miliyan 19.9 ga tsofaffi 5,228 da aka azabtar a zamanin Mau Mau, ta kuma ɗauki nauyin gina musu abin tunawa a tsakiyar Nairobi. Abin da gwamnati ta iya furtawa a majalisa bai fi ƙarfin allon bango a otal ba.

Su wa za su yanke wannan shawara? Daga iyalin Block otal ɗin ya koma hannun Lonrho, kamfanin Tiny Rowland da ya yi kaka-gida a ma'adinai da gonakin Afirka. A 2005 kamfanin Yarima Alwaleed bin Talal na Saudiyya ya saye shi tare da sauran otal-otal ɗin Lonrho na Kenya, aka damƙa gudanarwa ga kamfanin otal-otal na Fairmont, aka kashe kuɗi aka gyara. Gidan da bai rufe ƙofa ba a yaƙin duniya biyu da dokar ta-ɓaci, cutar korona ta rufe shi. A ƙarshen Mayun 2020 hukumar otal ɗin ta sanar da rufewa har sai abin da hali ya yi, tare da sallamar ma'aikata baki ɗaya, wasunsu sun shafe mafi yawan rayuwarsu a wurin. Kusan shekara biyu ƙofar na garƙame. A cikin wannan tsakani Yariman ya sayar, aka sake buɗewa a 2022 da sunan Fairmont ɗin dai. Sabon mai gidan shi ne kamfanin Binod Chaudhary, attajirin ƙasar Nepal, wanda ya yi suna da kuɗi a sayar da taliyar leda mai suna Wai Wai.